Yadda Majigi Ya Sauya wa Inna Suna

A kakar da ta gabaci shekarar 'yancin kai, wata ranar Laraba da hantsi, ina zaune a gindin rumbunmu ina korar kaji daga geron da aka shanya, sai na ji ƙugin mota ya tsaya a ƙofar gida. A lokacin mota ba ta shigowa unguwarmu, iyakarta bakin kasuwar Tambuwal. Na bar geron na leƙa ta zaure. Wani Bature na gani dogo, wuyansa ya yi ja kamar nunannen gauta, da wata Baturiya cikin farar riga, da tafinta mai jar dara, ga mai unguwa yana ta yi musu nuni da gidanmu. Wasu ƙarti suna sauke baƙin akwati mai ƙafa uku. Shekaruna ba su wuce bakwai ba. Kaji suka yi wa geron ɓarna ranar, kuma ba wanda ya tuna ya yi mini faɗa.

Ni ce ɗiyar fari a wurin Inna, saboda haka tun da aka yaye ni ɗakin kakata, mahaifiyar Baba, nake kwana. Gida ɗaya muke da Inna, amma ba ta kiran sunana, ba ta ɗaukata, ba ta kallona idan da mutane. In tana son ta aike ni rijiya sai ta ce wa iska, "Tulu dai ba ruwa," ni kuma in ɗauka in tafi. Haka kowace uwar kirki take yi wa ɗan fari a wurinmu, kunya ce, ba wanda ya taɓa kiranta ƙiyayya. Na san inda take ajiye mini ƙanzo a bayan rumbu cikin 'yar ƙwarya. Na san idan muna gaɗa a dandali ba ta rufe ƙyaurenta sai ta ji sawuna ya wuce. Da rana ina tsince wake, ina kai wa Baba fura gona, ina wasan carafke da ƙawayena a inuwar ƙirya, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba.

Tafintan ya ce hoton majigi za a ɗauka, na koya wa mata kai yara asibiti. An zaɓi gidanmu ne saboda an ce tsakar gidan Inna ta fi ta kowa shara. Baba bai so ba, amma ba a musu da mai unguwa a gaban baƙi. Aka shimfiɗa tabarma kusa da turmi aka kwantar da ni. Aka shafa mini toka a leɓe, aka ɗiga mini zuma a gefen ido don ƙudaje su zo, aka ce kada in kore su. Suka zo kuwa. Mata suka cika katanga, kakata tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugune, ga surukan Inna maza a bakin zaure. Sai tafintan ya ce wa Inna ta rugo ta ɗauke ni, ta rungume ni tana kuka, daga nan Baturiyar za ta zo ta taimaka mata.

Inna ta tsaya da taɓarya a hannu. Aka sake faɗa mata. Ƙudajen sun dame ni har na fara kuka na gaskiya. Na ga ƙafarta ta ɗaga kamar za ta tako, sai ta dubi wajen kakata, ta dubi bakin zaure, ta ja mayafinta ta juya ta fuskanci turmi. Kakata ta ce da tafintan, "Ɗiyar fari ta, ba ta taɓa ta gaban mutane. Ku bari ni in ɗauka." Na ji ya juya maganar da Turanci. Baturen bai ɗaga kansa daga akwatin ba, ya yi alama da hannu a bar komai yadda yake. Inna ta rasa abin yi da hannuwanta, ta hau daka turmin da babu komai a ciki. Baturiyar ta zo ta ɗauke ni. Ba zan yi mata ƙarya ba, hannunta da taushi, ta goge mini ido da ƙyallenta, idonta ma ya kawo ruwa. Da suka gama ta ba ni alewa, suka shiga mota suka tafi.

Aka yi damina, aka yi kaka, aka yi bikin 'yancin kai, 'yan makaranta suka yi ta yawo da 'yar tuta. Mun ma manta. Sai wata rana motar majigi ta zo tana shela, aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta. Bayan magariba muka tafi, maza a gaba, mata a gefe guda. Mai bayani, wani mai Hausar Kano, ya ce da lasifika wannan hoton ya ci kyautar farko a ƙasar Turawa, don ya nuna yadda farar fata da baƙar fata suke zama 'yan'uwa. Aka yi tafi. Sai ga rumbunmu, ga turminmu, ga ni kwance fuska duk ƙuda. Ba a nuna kakata ba, ba a nuna mutanen da ke kan katanga ba. Kamar mu biyu ne kaɗai a duniya, yarinya tana mutuwa, uwa tana daka. Mai bayanin bai san muna wurin ba. Ya ce, "Jama'a ku duba! Ga 'ya, ga turmi. Wanne ta zaɓa? Turmi! Wannan ita ce Juya-baya." Fili ya ɗauki dariya. Da Baturiyar ta ɗauke ni aka sake tafi, ni ma da nake zaune lafiyata lau sai da na ji tausayin yarinyar nan.

A hanyar gida Inna tana gaba, ni da kakata muna baya. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta faɗa, shi ma ba da kowa take ba: "Ashe hakanga bayana yake."

Mutanen unguwarmu sun san gaskiya, tsofaffi ma cewa suka yi ta kyauta. Amma motar ba a Tambuwal ta tsaya ba. Ta je Jabo, ta je Sanyinna, ta gangara har Kebbe, garin su Inna. Can ba wanda ya san zuma ce da toka. Ba a daɗe ba sai ga Kawu, yayan Inna, a kan jaki, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Ina ɗiyar nan? Da rai take, ko ta mutu kunka ɓoye muna?" Aka kira ni ya gan ni, ya juya ni gaba da baya, ya zauna ya sha ruwa. Ya koma ya faɗa, amma bakin mutum ɗaya ne, majigi kuwa gari guda ya gani. Yara suka kama sunan. Matan Fulani masu kawo nono, waɗanda suka ga hoton a wani ƙauye, su kan tsaya a zaure su ce, "Juya-baya tana ciki?" ba da mugun nufi ba, sun ɗauka sunanta ke nan. Inna ta daina zuwa suna da biki. Ta daina zuwa Kebbe sai da rasuwa. Tsakar gidanta ta ci gaba da sharewa kamar kullum.

Sau ɗaya na yi mata maganar, lokacin da na zo wankan haihuwata ta fari, tana gasa mini jiki da ruwan zafi, ba kowa a bayan ɗaki. Na ce, "Inna, da kin ɗauke ni kawai." Ta ci gaba da tsoma ganye a ruwa. Can ta ce, "Gaban uwar mijina? Da wane ido?" Sai ta ƙara da cewa, "An ce sun ba hoton kyauta." Na ce haka aka ce. Ta ce, "To." Ba mu sake ba har ta rasu.

Ranar rasuwarta masu gaisuwa daga ƙauyuka suna tambayar gidan Juya-baya. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, shi ne ya tsaya a ƙofa yana gyara wa kowa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunanta na yanka, tun da ni bakina ba ya iya faɗa. Haka ya yi ta yi duk tsawon zamanmu. Ko jika ne ya yi kuskure sai ya ajiye abin da yake yi ya gyara masa. Bana ya rasu, ban daɗe da fita takaba ba. Ina kukansa safe da yamma, ba na ɓoyewa. Tun da ya tafi na ji an kira Inna da wancan suna a gabana, na jira a gyara, ba wanda ya yi magana.

Jikata Rabi, wadda take rubuta mini wannan, ita da ƙawayenta suna gardama kwanaki a kan wasu finafinai na baƙar fata da farar fata da aka ba kyauta, wai sun cancanta ko ba su cancanta ba. Suka tambaye ni don tsokana. Ni ban san finafinan ba, ba zan ce masu yi ba su iya ba. Wanda aka yi a gidanmu ma ya yi kyau, ya sa mutane tafi. Na dai ce su duba ko akwai wadda ta juya baya a ciki, su tambaya wa ke zaune a gefen da ba a nuna ba.

Yanzu kowa da majiginsa a tafin hannu, uwa tana goya ɗan farinta tana kiran sunansa a tsakiyar kasuwa, ba wanda ya ce komai, ni ma ban ce ba daidai ba ne. A zamaninmu aka ɗauki kunyar mace aka kai ƙasar da ba a san ta ba, aka karɓo kyauta da ita. Rabi, rubuta da kyau, zan faɗi sunan Inna sau ɗaya: Hajaru. Wanda ya saba faɗinsa a madadina ya riga ni tafiya.