Tafin Ƙafar Lamri

A unguwarmu a birnin Setif, idan tukunyar ɗumama gida ta fara shan ruwa kamar raƙumi, ka cika ta yau gobe allurar ma'aunin ruwanta ta sauka, Lamri ake kira. Bututun ruwan zafi a ƙarƙashin tayil yake, ɗigonsa ba ya fitowa fili. Lamri bai taɓa sayen na'ura ba. Sai ya sa a naɗe dardumai, a ƙure wutar tukunya, ya tuɓe safa ya taka ɗaki a hankali. Inda ɗumi ya bazu ya wuce layin bututu, nan yake fasawa. Tayil ɗaya, ba ya ƙarawa. Da tafin ƙafar nan ya ciyar da iyalinsa har furfura ta cika masa kai.

Bana tukunyata ce ta soma. Ya zo yana jan jiki, ciwon suga ya rage shi.

"Si Ammar, kai ka tsufa, tukunyarka ta tsufa. Wa zan fara gyarawa?"

"Fara da bakinka," na ce.

Ya taka falo ya dawo, ya sake. Kofin da matata Zulaika ta kawo masa ya huce. Ni kuwa ba ni da haƙuri, ga bayana yana ciwo saboda naɗe dardumai.

"Lamri, aiki ka zo yi ko ɗawafi?"

Bai yi dariya ba. Ya rage murya.

"Ƙafar ta daina ji, tun bara. Kamar katako nake takawa. Don Allah kada 'yan gidan shayi su ji, in suka ji ba mai sake kirana."

Sai ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora kuncinsa a kan tayil, ya fara rarrafe. Ya ɗaga, ya matsa, ya sake ɗorawa. Na kau da kai, don ganinsa haka ya sosa min rai ƙwarai. A bakin ƙofar kicin ya tsaya, ya fasa ɗaya. Yashin ƙasan jagab yake, mahaɗar bututun tana ɗiga. Ya ɗaure ta, ya daɗe kafin ya iya miƙewa.

"Ka gani? Da saurana."

Ya nufi ƙofa wajen takalmansa. Zulaika ta riƙe hannuna ta nuna min ƙasa. Ashe ya taka fasasshen tayil, sawun jini na binsa tun daga kicin, shi kuwa yana ta ba ni labarin tsadar bututu.