Kwalba Bakwai Zuwa Fort Washington

Bari in fara da laifina. Kawu Danladi, ƙanin mamata, ya yi wata biyu yana dafa baƙar giya mai suna sitawut a ɗakin ƙasa, don ya kai wa mahaifiyarsa, Kaka Saratu, ta ɗanɗana kafin jirginta na komawa gida ya tashi. Kaka ta yi shekaru tana dafa burkutu a Pankshin, kuma ta sha faɗa cewa ɗanta ko ruwan zafi bai iya ba. Ni shekarata sha shida, ba a ba ni giya. Sai na juye lemon malt a wata kwalbar Kawu, na yi mata alama da biro, na cusa ta cikin kula tare da nasa guda shida, don in riƙe baƙar kwalba kamar manya.

Beltsville, 5:40 na asuba

Kawu ya ɗaura wa kular bel a kujerar baya, ni ko kallona bai yi ba. Tafiya yake a hankali har mai keke ya wuce mu. Na tambaye shi yadda abin yake a baki, ya ce kamar kofi da ƙanzon tuwo. Na ce to don me mutum zai wahala wata biyu a kan ƙanzo? Ya ce in rufe baki, ina girgiza motar.

Takoma Park, 6:10

Mil tara. Mun tsaya gidan Malam Isufu, ɗan Maradi mai sayar da kayan gida, kafin ya fita aikin tuƙi. Ƙwarya muka zo nema, don Kaka ta ce ba ta shan abin kirki a gilashi. Ya ba mu ɗaya a dala takwas, ya ƙara mana kilishi kyauta.

"Lahiya dai, Danladi, kula da bel? Jinjiri ne ciki?"

Kawu ya gaya masa gaskiya. Malam ya yi dariya, ya ce shi da wannan kaya sai gaisuwa daga nesa, amma a gaida Mama.

A nan na leƙa kular. Ƙanƙara ta narke, ta wanke alamata tas. Kwalba bakwai, duk fuska ɗaya. In Kaka ta faɗa kan tawa, za ta koma Pankshin ta shaida wa gari cewa ɗanta ruwan sukari yake dafawa a Amurka. Na buɗe baki in faɗa, sai na tura kilishi a ciki.

Fort Washington, 7:05

Mil ashirin da ɗoriya. A gidan Anti Rifkatu, inda Kaka ta sauka, muka durƙusa muka gaishe ta, muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa. Sai sha ɗaya ta ce a kawo abin. Kawu ya ɗauko kwalba, ya tsiyaya a ƙwarya, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ƙi karɓa.

"Ka manta? Mai dahuwa ne ke fara kurɓa."

Ya kurɓa. Fuskarsa ta yi kamar an ce motarsa ta ƙone. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi kwalbar, ya fara cewa wataƙila yis ɗin ne ya mutu. Na kasa jurewa.

"Kawu, yis bai mutu ba. Malt ɗina ne."

Kaka ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce kwalba bakwai, amma hannun Danladi sai da ya nemo ta yara. Aka ɗauraye ƙwarya, aka buɗe wata. Wannan ta fito baƙa wuluk, kumfa mai ruwan ƙasa ta taru a kai. Kawu ya kurɓa kaɗan, ya miƙa. Ni an bar ni in shinshina kawai: ƙamshin gasasshen hatsi da kofi, da ɗan hayaƙi.

Kaka ta riƙe kurɓin farko a baki, ta lumshe ido, ina jin na ƙara tsawo kafin ta haɗiye. Ta tambayi hatsin, ya ce sha'ir. Ta ce ya ƙona shi, ya ce da gangan ne. Ta sake kurɓa. Ta ce ɗacin yana zuwa da farko, sannan wani zaƙi ya biyo baya a maƙogwaro, kuma burkutu ba ta yin haka.

"Danladi, wa ya koya maka?"

"Kallonki na yi, Mama."

"Ƙarya kake, wasa kake tafiya lokacin. Ƙaro min."

Beltsville, 4:30 na yamma

Mun dawo lafiya, kula babu komai, bel ya dawo kaina. Godiya ga Allah, ga Anti mai ƙosai, da Malam Isufu mai ƙwarya. Kaka ta naɗe kwalba uku a zannuwanta ta sa a akwati. Malt ɗina kuwa Anti ce ta shanye, ni Kawu ya ba ni wankin kwalabe arba'in.