Barmo Sankira da Tumakin Mushe Dogo

Yayana Barmo shi ne sankiran kasuwar Gazawa, wato mai shela. In akuya ta ɓace, in an ɗaga ranar awon gyaɗa, in masu allura za su zo, bakinsa ake jira. Gajere ne mai kaurin wuya, amma in ya ɗaga murya daga rumfar mahauta sai an ji shi a tashar mota. Ni Salamatu ƙanwarsa ce. Ƙosai nake soyawa dab da kututturen da yake hawa, don haka kunnena ya sha wuya ba kaɗan ba.

Abu guda yake taƙama da shi: bai taɓa shelar abin da bai tabbatar ba. Wani falke ya taɓa kawo gishiri ya ce a yi masa shela na Bilma ne. Barmo ya lasa, ya tofar, ya ce masa ya nemi wani. Shi ya sa in gardama ta yi tsawo a garin nan, da wani ya ce "Barmo ne ya faɗa" sai a koma wata hira. Yana kuma jin Faransanci, don ya yi shekara shida yana aikin sikeli a wani kamfanin gyaɗa a Maraɗi.

Shekara uku bayan samun mulkin kai, aka aiko daga buro, wato ofishin gwamnati, cewa baƙo zai zo daga Yamai. Ma'aikacin ofishin jakadan wata ƙasa ne, wadda ke ƙawance da gwamnatinmu. Kada ku tambaye ni sunan ƙasar, harshena bai taɓa iya shi ba. Rigima suke yi da maƙwabciyarsu, za a kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya, gwamnatinmu kuma ta ce tana bayansu. To amma fatake masu ƙetara iyaka suna dawowa da wani labari daban, ana ta ƙananan maganganu a kasuwanni. Shi ne suka ga gara su zo da kansu su shawo kan talakawa.

Ranar kasuwa sai ga shi a farar mota, da direbansa Tanimu, Bahaushen Yamai. Mutumin zanƙalele ne, nan take aka sa masa Mushe Dogo, don mushe shi ne malam a Faransanci. Ya jera hotuna a jikin allo: gonakinsu, asibitocinsu, da ƙauyen da ya ce maƙwabtan sun ƙona. Ya kawo wa gari rediyo babba, ya kawo wa lakol, wato makarantar boko, littattafai. Yana kuma da akwatin ɗaukar magana, yana so manoma su ce suna tare da ƙasarsa, a sa a gidan rediyo kowa ya ji.

Barmo aka sa ya yi masa tafinta. Kafin ya hau kututture sai da ya tsare baƙon da tambaya har sau uku: abuta kuka zo nema ko ciniki? Sau ukun nan Mushe Dogo ya dafa ƙirji ya ce abuta. Sannan Barmo ya hau ya ce, "Jama'a, na tambaya, na tabbatar! Mutanen nan aminai ne!" Ai kuwa aka yi layi. Har dattawan da ba sa yarda a ɗauke su hoto suka tsaya gaban akwatin suna gyaran murya.

A wurinmu baƙon da ya zo da alheri ba ya komawa hannu rabbana. Kuma in ka ba mutum kyauta ya mayar maka, ya gaya maka ke nan ba ya yi da kai. Na san gidaje biyu da suka daina gaisawa a kan ƙwaryar fura da aka mayar. Saboda haka Maigari Ayuba ya tara dattawa, suka ce tunda abutar ta ɗorewa ce, a ba shi abin da zai hayayyafa. Makiyaya suka kawo rago. Iya Kande mai fura ta kwance tunkiyarta, wadda ta fi kowace kyau a garkenta. Aka wanke su, aka jawo su tsakiyar kasuwa.

Ina kallo daga bakin kaskona. Mushe Dogo ya yi murmushi, ya sunkuya ya yi wa Barmo magana ƙasa-ƙasa. Na ga wuyan yayana ya kumbura. Ya mayar masa da magana, baƙon ya girgiza kai. Ya sake, ya sake girgizawa.

Sai Barmo ya hau kututture ya ce, "Jama'a! Mushe Dogo ya karɓa, ya gode! Ya ce mota ba wuri, ya bar su amana a hannuna har ya dawo!"

Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka ɗauka. Baƙon ya yi ta ɗaga hannu yana dariya, bai san abin da aka ce ya ce ba.

Bayan la'asar Barmo ya shigo gidana ya zauna a kan turmi, ko ruwa bai sha ba. Ya ce, "Salamatu, na yi ƙarya a kasuwa." Ashe cewa mutumin ya yi dokar aikinsu ta hana shi karɓar kyauta, a mayar wa masu su, sun fi shi bukata.

Na ce, "Sun fi shi bukata? Mu ya kalla ya kira matsiyata?"

Ya ce, "Shi ya sa. Ta yaya zan faɗa wa Iya Kande haka a gaban mutane, bayan ni na ce musu amini ne?"

Na ce, "To Yaya, abin ya wuce. Ka bari a kwana biyu ka yanka ragon, ka ce ciwo ya kama shi."

Ya harare ni. Ya ce amana ce. Na ce amanar wa, mutumin da ya ce ba ya so? Ya ce, "Na riga na faɗa a kasuwa." Wallahi taurin kan gidanmu duk a kansa ya ƙare.

Haka ya ɗauki kiwon dabbobin da ba su da mai su. Tunkiyar Iya Kande kuwa kamar da gayya, tagwaye take zubawa. Matarsa Mairo ta gaji da ɗaukar harawa har ta daina yi mini magana, wai ni nake zuga shi. Ko da Layya bai taɓa kama ɗaya ba, sai ya je ya nemo nasa. Muryoyin dattawanmu sau ɗaya aka sa su a rediyo. Muka ji an yi ƙuri'a a Majalisar, ƙasarmu ta tsaya wa ƙawarta. Daga nan ko wasiƙa. Rediyon ma ya lalace, aka kife shi a zauren maigari. Duk ranar kasuwa sai wani ya ce, "Barmo, ya tumakin Mushe?" Ya ce, "Suna gaishe ka."

A shekara ta biyar ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Kafin zafi ya shigo rumbuna sun yi wayam, mutane suna dafa ganyen jiga. Barmo ya rabu da jakinsa don ya samo wa tumakin dusa, 'ya'yansa kuwa sau ɗaya suke ci a yini. Wata safiya ya ga Iya Kande a bayan gari tana tonon gidan tururuwa tana neman hatsi. Dabbobinta duk sun ƙare. Ya zo ya same ni ya ce zai raba garken.

Na ce, "Madalla. Ka ce Mushe ya aiko a raba."

Ya ce, "In ƙara wata a kan ta farko?"

Na ce, "In ka faɗi gaskiya, wa zai sake yarda da shelarka? Da me za ka ci?" Tsoro nake ji sosai, kuma na gaya masa.

Ranar kasuwa ya hau kututture. Ya ce, "Jama'a, ku saurara! Shekara biyar ke nan na yi muku ƙarya a nan inda nake tsaye. Mushe Dogo bai karɓi kyautarku ba, cewa ya yi a mayar muku. Ni na ƙaga maganar amana. Tumakin naku ne. Ku nemi wani sankira."

Ƙosaina yana ƙonewa ina ji ina gani.

Iya Kande ce ta taso da sandarta, ta zo har gindin kututturen. Ta ce, "Barmo, sauko, kada ka faɗo. Tanimu direba a wurina ya sha fura ran nan. Kafin motarsu ta tashi ya gaya mana komai, ni da maigari da duk wanda ke rumfar. Ka rufa mana asiri a gaban baƙo. Mu kuma sai mu tona naka?"

Kai! Ni da na shekara biyar ina riƙe da magana kamar garwashi a baki, ashe har masu dakon kasuwa sun sani. Haushi ya kama ni, sai kuma na ji hawaye. Barmo ya sauko ya tsaya riƙe da hularsa, ya kasa kallon kowa.

Maigari Ayuba ya ce, "Wa ya ce ka gama? Koma ka gaya wa mutane gobe da hantsi za a raba, a ƙofar gidanka, a fara da Kande."

Ya koma ya hau. Ya yi shelar, amma ko rumfar mahauta ban ce muryar ta kai ba. Washegari tun kafin hantsi kowa ya zo da igiyarsa.