Yadda Na Kai Muryar Abokina Kasuwar Argungu

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ina saurayi, ƙaramin akawu, cikin waɗanda aka kwaso daga Sakkwato aka zube a Birnin Kebbi ba masauki. Da ƙyar na samu ɗaki a Badariya. Ba ni da mata, ba ni da dangi a kusa, dukiyata duka rakoda ce mai cin batir kamar me. Ga ni da surutu da rawar kai, duk abin da ya burge ni sai na ji kamar zunubi ne in riƙe shi ni kaɗai. Wannan halin ne ya ja min abin da nake son masu karatu su ji.

A masallacin unguwa na yi aboki, ɗan babban gidan malamai. Mahaifinsa ne liman, kuma kowa ya san shi ake shiryawa ya gaje shi, don in tsohon ba ya jin daɗi shi ke jan salla. Mutum ne mai sanyi, in kana magana da shi sai ka matso. Yana da gonar shinkafa a fadamar Zauro, ran Asabar nakan bi shi tsaron tsuntsu. A bukkar gonar ne wata rana ya zaro gurmi daga cikin jinka, ya fara kaɗawa a hankali yana waƙa. Ba ya yabon kowa, ba ya roƙon kowa. Yana waƙar ruwan Rima in ya janye ya bar fadama, da mahaifiyarsa da ta rasu, da yadda har yau in ya shiga gida yake kallon ƙofar ɗakinta. Ni da nake tsokanarsa da ustazu sai ga ni ina share hawaye. Kewar gida da na danne tun zuwana, ita ya tono min, amma maimakon ciwo sai na ji sauƙi.

Na dame shi sai na ɗauka a kaset. Ya ƙi, ya ce min a gidansu ɗa ba ya riƙe kayan kiɗa, kiɗa sana'ar wasu gidaje ce da suka gada, kuma ranar da aka kira shi makaɗi ba mai sake binsa salla. Na nace har ya gaji. Ya yarda, bisa sharaɗin kada kunnen kowa ya ji sai nawa, na kuwa rantse masa. Kaset ɗin ya zame min abokin zama, har rakodar ta fara cin zarensa. Tsoro ya kama ni kada ya tsinke in rasa shi. Da aiki ya kai ni Argungu, sai na miƙa wa wani mai sayar da kaset a bakin kasuwa ya kwafa min a sabo, ina ganin ai nan ba wanda ya san muryar. Ya ce in zaga in dawo. Ban san al'adar masu wannan sana'a ba ce, duk abin da ya shiga injinsu ya yi musu daɗi, sai sun ajiye nasu.

Ba a jima ba na shiga motar haya, direba ya danna kaset, sai muryar abokina ta cika motar. Wata tsohuwa a baya ta tambayi wane ne wannan mai sa mutum kuka, direban ya ce ba wanda ya san shi, amma a Argungu rububinsa ake yi. Na koma wurin mai kaset ina faɗa, ya dube ni ya ce shi bai saci komai ba, kuma ya riga ya watsu har Gulma. Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In na ji sautin gurmi daga shagon tela ko teburin mai shayi sai in sauya hanya. In liman ya ɗan daɗe yana kallona bayan salla sai in yi sauri in fice. Na rame, abinci ba ya shiga. Kullum in ce yau zan gaya wa abokina, in na ga fuskarsa sai in ɓige da zancen shinkafa.

Ƙarshe tsohon da kansa ya ji, a mota, kan hanyarsa ta zuwa ta'aziyya Argungu. Wanda suka tafi tare ya ba ni labari cewa tsohon bai ce a kashe kaset ɗin ba, ya saurara har ƙarshen waƙar matarsa, kansa a sunkuye. Bai yi faɗa ba, bai kori kowa ba. Amma da aka tayar da La'asar ƙafar tsohon na ciwo, abokina ya yunƙura zai shiga gaba kamar kullum, sai tsohon ya ɗaga masa hannu, ya kira ƙanen abokin nawa ya ja sallar. A gaban jama'a aka yi, ina sahu na biyu.

Na sami abokina a gona na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce abu guda ya taɓa roƙona a duniya. Na tambayi gurmin, ya ce ya jefa shi gulbi. Bayan girbi ya koma Gulma wurin dangin mahaifiyarsa. In mun haɗu muna gaisawa, iyakarta ke nan.

Na daɗe ina kare kaina da cewa son waƙar ne ya sa, har na gane son bai ba ni ikon mallakarta ba. Irin wannan waƙa mai sanyi tana ratsa zuciya ne don mai ita ya buɗe abin da yake ɓoye wa kowa, kuma shi zai ɗauki nauyin fitarta, ba kai mai jin daɗi ba. Duk wanda aka ba amanar irin wannan, ya gwammace ta lalace a hannunsa da ya miƙa wa wani. Ni na ji tsoron rasa kaset ɗaya, abokina ya rasa limanci, kuma har yau bai sake waƙa ba.