Baƙaƙen 'Ya'yan Biddy

A duk ƙauyukan da ke gindin duwatsun Kerry, a ƙasar Ireland, ba a yi mutum mai zargi kamar Mossie Hartnett ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, to ka ji wata magana a kansa ke nan. Bai yi aure ba, don wai duk wadda ta yi masa murmushi gonarsa take hange. Abokinsa ɗaya ne, maƙwabcinsa Dinny Scanlon, shi ma don Dinny mutum ne da ba ya riƙe magana a rai.

Abin da Mossie ya yarda da shi a duniya kawai karyarsa ce, Biddy. Irin karnukan nan ne na talakawan manoma, masu gashi mai laushi launin busasshiyar alkama. Ita ke koro shanu, ita ke kashe ɓeraye a rumbun dankali, baƙo kuwa in ya shigo sai ta daka tsalle ta lashe masa fuska. Wannan halin na ƙarshe yana ƙona wa Mossie rai, amma yana haƙuri, domin Biddy ce ta rage daga jinin karnukan da kakansa ya kiwata.

Da ta fara tsufa, sai ya ɗora ta a keken doki har birnin Cork, aka haɗa ta da wani kare mai asali. Ta haifi 'ya'ya biyar. Kowa ya san irinsu da duhun gashi ake haifarsu, daga baya su washe. Mossie ma ya sani. Sai dai na gidansu jajaye-jajaye suke fitowa, waɗannan kuwa baƙaƙe ne kamar an tsamo su daga gawayi. Ga shi ya taɓa ganin baƙin karen Dinny yana shinshina ƙofar gonarsa.

Ranar Lahadi, ana fitowa daga coci, ya tare Dinny a gaban jama'a.

"Kai Dinny, da gangan ka sako mini baƙin karenka, ko? Ka ɓata mana jini, hankalinka ya kwanta!"

"Haba Mossie, karen da ko tashi daga gindin murhu sai an taimaka masa? Ka ba su lokaci mana, za su washe."

"Ni za ka koya wa karnukan gidanmu?"

Washegari Mossie ya zuba 'ya'yan Biddy a buhu ya nufi rafi. Dinny ya biyo shi da gudu, ya yi roƙon duniya, da ƙyar ya ƙwaci mace guda.

"Ɗauki abarka," in ji Mossie. "Ai 'yar gidanku ce."

Daga ranar suka daina magana. Damina ba ta zagayo ba Biddy ta mutu, gidan Mossie ya yi tsit. Shi yake bin shanunsa da sanda yana haki, ɓeraye kuwa suka mayar da rumbunsa gidansu.

'Yar karen ta girma a idonsa, ta bayan shinge. Baƙin ya fara dusashewa daga gadon baya. Mossie ya ce Dinny ne yake shafa mata wani abu. Gashin ya yi tsawo, ya yi laushi. Mossie ya ce an sauya ta da wata. Amma ranar da ta tsallako shingen, fes da ita, ta dafa ƙirjinsa tana lasar haɓarsa, ƙaryar ta ƙare. Biddy ce sak, har yadda take karkatar da kai. Ya zauna a kan dutse, ya tuna sauran huɗun da ya bar wa rafi. Ya yi kuka, kuma abin tausayi ne ƙwarai.

Dinny ya leƙo ta saman shingen.

"Kana sonta?"

"Ta gidanmu ce."

"Na sani. Ni tun farko ajiya na yi maka. Amma a bakin coci ka ci mini mutunci. Ka tsaya a wurin ka ce ka yi kuskure, ka tafi da abarka."

Mako guda Mossie yana juya maganar. Me ya sa Dinny ya sauƙaƙa haka? Wa da wa ya gaya wa? Ba mamaki an shirya ne a yi masa dariya, a kuma hana shi karyar.

Lahadi ta zo. Jama'a suka fito, Dinny yana tsaye da igiyarta a hannu, har ya ɗan miƙo ta. Mossie ya matso, ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. A can baya wata tsohuwa ta yi murmushi.

"Da alama za a yi ruwa yau," in ji Mossie.

Dinny ya jira kaɗan. Sannan ya naɗe igiyar a hannunsa, suka kama hanyar gida, karyar tana waiwaye.