Rariyar Sammani da Gangar Nababa

Ramlat ta fara jin sunan Sammani ne a bakin kakarta Kulu, kuma ba da alheri aka ambace shi ba. Ranar da ta dawo gida bayan ta gama sakandare, ta tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsinkar zogale tana faɗa ita kaɗai.

"Sammani ya cinye gangar kakanki," in ji Kulu. "Shekara hamsin mutum yana kiɗa, a ce wai a Fatakwal kamar ana buga tsohuwar garwa!"

Kakan nata, Nababa, shi ne makaɗin gangar noma na Gidan Kanya, wani ƙauye a arewacin Tsanyawa. Duk manomin da ke fita gayya yana da takensa, wato kirarin da ganga ke yi masa ba da baki ba, kuma Nababa ne ya raɗa wa kowa nasa. Ɗansa Hashimu, mahaifin Ramlat, yana kasuwar awaki a Fatakwal, damina uku rabonsa da gida. Shi ne ya bugo waya ya ce muryar Baba ya ji ta garau, amma gangar bai gane ko take ɗaya ba.

Shi kuwa Sammani manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa da ɗan wake a gefe. Yana saurayi ya yi shekara huɗu a Bici a shagon wani mai gyaran rediyo, ya dawo da akwatin kayan aiki da ɗabi'ar karkata kai gefe in ana magana, kamar mai neman tasha. Da rediyo ta ja baya ya koma gyaran waya. Da 'yan ci-rani suka dame shi da tambayar ko an yi ruwa, wa ya haihu, wa ya rasu, sai ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta, ya haɗa ta da wayarsa da makirufo, ya buɗe musu rediyo ta intanet. Kullum bayan la'asar yakan zauna a zaurensa ya ba da labarin gari. Shekara biyu ba wanda ya yi ƙorafi, sai da ya sa ganga.

Washegarin dawowar Ramlat, Sammani ya zo zauren Nababa da kwamfutarsa a hammata, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, laifina ne, kuma zan gyara."

"Gayyar Malam Basiru saura mako uku," in ji Nababa, yana murza yatsunsa da suka fara ƙagewa. "Daga ita na rataye ganga. Ina so Hashimu ya ji na kira shi."

Ramlat ce ta kawo ruwa. Sammani ya ga wani littafi a hannunta, ya tambaya. Nababa ya yi dariya ya ce, "Amaryata ce, ba ta da aiki sai rubuta taken mutane. Har na matattu tana da su."

Sammani ya karkata kai. "'Yata, in ganga ta yi magana kina ji?"

"Ina ji, Kawu."

"To ni ba na ji. Kunnena na gyara ne. Ki ara mini naki."

Nan ya yi musu bayani. Sauti yana da nauyi, sabis ɗin ƙauye kuma siriri ne, dole a rage shi kafin a tura. Abin da ke ragewar ana ce masa kodek, kuma ba ɗaya ba ne.

"Kamar rariya ce," ya ce. "Kowace da irin idonta. Wadda nake amfani da ita don muryar mutum aka yi ta. Da ta ji ganga sai ta ɗauka tsaki ne, ta zubar."

"To ka canza rariya mana," in ji Kulu daga bayan ƙofa. "Wannan ai ko yarinya ta sani."

Ya canza. Ya fara da MP3, wadda kowace waya ke buɗewa, ya ba ta awo mai yawa, ɗari da ashirin da takwas. A zaure gangar ta fito ɓul-ɓul kamar a gabanka. Amma ba a zaure ake gayya ba. Ya ɗauki kayansa ya taka har gonar Malam Basiru, can bayan kwari inda sabis ke sanda ɗaya, ya kunna abin da ya naɗa. Ramlat na gida da waya a kunne. Taken ya riƙa tsinkewa a tsakiya, ganga ta ce "Hashimu" ta yi shiru. Ya rage awon zuwa talatin da biyu, tsinkewa ta daina, amma sautin ya koma kamar ana kiɗa a cikin randa.

Kwana tara yana wannan zirga-zirga, bayan ya tashi daga tasa gonar. Ya gwada AAC, Ramlat ta gane take bakwai cikin goma. Ya ce bakwai ba goma ba ne. Matarsa Aina'u ta ce masa ciyawa ta fara cin gyaɗarsa, ya ce ta ba shi zuwa Juma'a. Ran na goma ya zo ya ce zai gwada wata mai suna Opus.

"Wane ofis kuma?" Kulu ta riƙe haɓa. "Gangar ma sai an kai ta ofis?"

Gwajin farko ita ma ta haɗiye gangar, har Ramlat ta fara hawaye. Sammani ya zauna ya bi saitin ɗaya bayan ɗaya, sai ya gano an ajiye ta a kan magana, kuma akwai wani abu da ke share hayaniya, shi ke share kiɗan. Ya kashe shi, ya mayar da ita kan kiɗa, ya haɗe sautin dama da na hagu tunda lasifikar waya ɗaya ce, ya bar awo a talatin da biyu. Ya sake komawa bayan kwari. Wannan karon Ramlat ta kira sunaye goma ba ta yi tuntuɓe ba.

Ranar gayya an kwana da ruwa, ƙasa ta yi laushi. Sammani ya ɗaure makirufo a jikin sanda, taku biyar daga gangar don kada ta fashe sautin. Ba a gaya wa Hashimu lokacin da za a yi nasa ba. Nababa ya bi maza yana kiransu ɗaya ɗaya, garemani na tashi, sai can da hantsi ya juya ya buga wanda mai shi ba ya nan: ƙarfen garma, kunya goma kafin a kawo fura.

Ramlat tana sauke ƙwaryar fura a gindin ɗorawa wayarta ta yi ƙara.

"Baba ya kira ni!" Hashimu yana ihu, awaki na kuka a bayansa. "Ki ce masa na amsa!"

Da aka gaya wa Nababa sai ya goge zufa ya ce, "A ce masa garmarsa ta yi tsatsa." Da bazara Hashimu ya dawo.

Sammani yana nan har yau, bayan la'asar yana ba da labarin gari. Gyaɗarsa ta wannan shekarar ba ta yi kyau ba, bai taɓa ambata ba. Amma ranar gayyar, kafin a watse daga gonar, ya kira Ramlat gefe, ya zaro memori daga kwamfutar, ya naɗe a takarda ya miƙa mata.

"Wannan ba ta bi ta rariya ba, yadda kakanki ya buga haka take," ya ce. "Ko wadda na zaɓa sai da ta zubar da wani abu. Ki sa ta cikin littafinki. Duk wanda ya nema a kwafa masa, amma wannan kada ki bari ta bar hannunki."