Hulata da Ƙugiyar Kawu

Ni dai Allah ya yi ni da son a ce na iya. A shekarun da harka ta buɗe bayan dawowar mulkin farar hula, kowa a ma'aikatarmu ya kama abin yi a gefe, wani fili, wani kwangila. Ni kuwa, sarkin dabara, sai na duƙufa koyon haɗa wasan kwamfuta a gidana na Lugbe. Matata ta ce, "Maza na neman fuloti, kai kana wasan yara." Na ce ta zuba ido.

Ina da dalili. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya yi shekara da shekaru yana tuƙa ƙugiya a tashar jiragen ruwa ta Legas, irin manyan nan masu ɗaga kwantena su ɗora a jirgi. Ban taɓa zuwa na ga aikinsa ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Da ya yi ritaya ya koma Bwari, sai ƙafa ta ƙi, magana ta ragu. Abin ya dame ni. Na ƙudurta zan mayar masa da ƙugiyarsa ko a kwamfuta ne, ya sake tuƙawa, ko bakinsa zai buɗe.

Kwatsam oga ya tura ni bita Legas. Faɗuwa ta zo daidai da zama! Ba a bar mu mun shiga tashar ba, sai daga kan gada muka hango ƙugiyoyin, na miƙa wa abokin aikina wayata. To ka san mu da hoto, ba a ɗaukar abu shi kaɗai, dole mutum ya tsaya a gaba don a shaida ya je. Na gyara babbar riga, na karkata hula, na ce ya yi ta ɗauka.

Da hotunan nan na zana ƙugiyar: ƙafafu, dogon hannu, igiyoyi, kwantena ja da shuɗi. Har ƙarar inji na sa mata, da bakina na yi na naɗa.

Wata Asabar na tafi Bwari ina hura hanci. Na ajiye kwamfutar gaban Kawu a kan tabarma.

"Kawu, ga tsohuwar abokiyar aikinka. Danna nan ta ɗaga."

Bai danna ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ta yi kyau, ɗana. Amma ina mutum yake zama?"

Wallahi ban taɓa tunanin wurin zaman mutum ba. Don in kare kaina na zaro waya na ce, "Ai haka take a hoto, Kawu."

Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ga ƙaton kaina a tsakiya, ina washe baki. Ya ɗora yatsa a kan hulata.

"Bayan hular nan taka akwai wani ɗan ɗaki na gilashi, yana rataye ƙarƙashin hannun ƙugiyar. Nan nake zama. Ƙasa ake kallo ta tsakanin ƙafafu, wuni guda. Shi ya sa wuyana bai ƙara miƙewa ba."

Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka haka Allah ya halicce shi da ranƙwafaffen wuya. Kunya ta rufe ni, idona ya ciko.

Na rufe kwamfutar, na cire hular na ajiye gefe, na ce, "Kawu, ta ina ake hawa can?"

Ya gyara zama. Ranar har aka kira magariba bai yi shiru ba.